Matambayi Ba Ya Ɓata: Otel ɗin Kan Dutse da Littafin Tsohuwa

Assalamu alaikum, masu karatu. Tun da na yi suɓul da baka a fitowar da ta wuce, na ce na taɓa kwashe dusar ƙanƙara da shebur a ƙasar Faransa, saƙonni ba su daina shigowa ba. Wasu tambaya suke, wasu kuma tsiya suke mini: wai ɗan Adar da ke rawar ɗari a watan Janairu cikin garin Tawa, me ya kai shi zama cikin firji? Biɗa ce ta kai ni, kamar yadda ta kai iyayenmu Abijan. Ga huɗu daga cikin tambayoyin.

Tambaya: Kawu, barka da aiki. Shekarata 24, na yi horon aikin otel a nan Yamai, yanzu ina taɓa aikin kicin a wani gidan abinci. Wani mutum ya same ni ta WhatsApp, ya ce akwai otel na wasu iyali a tsaunukan Faransa da ke neman ma'aikata na wata biyar, ci da kwana kyauta. Ya ce in kawo jikka ɗari takwas ya haɗa mini takardu. Mahaifiyata ta ce za ta sayar da shanunta biyu. In ba shi? Kuma wane irin aiki ne?
Ɗanka, daga Bukoki, Yamai.

Amsa: Ɗana, kar ka ba shi ko dala. Ka ce wa tsohuwa ta bar shanunta su ci gaba da tuƙa.

Aikin akwai shi, ba ƙarya ba ne. Dokar Faransa ta tanadi takardar ma'aikacin wani ɗan lokaci, wadda ba ta wuce wata shida cikin wata goma sha biyu. Amma mai otel ne yake neman izinin ɗaukarka daga hukuma, da sunanka da sunan otel ɗinsa, ba wani dillali da ba ka san ƙofar gidansu ba. Sannan ofishin jakadancin Faransa na Yamai an rufe shi a watan Janairun 2024. Ka tambayi mutumin naka: a ina za a buga bizar? Ka ce ya ba ka sunan otel ɗin da lambar wayarsu, kai da kanka ka kira. In ya fara cewa ai sirri ne, ko ya ce guraben sun kusa ƙarewa ka yi sauri, ka san ramin kura aka nuna maka.

Ni ta karatu na shiga. A 2009 na je Grenoble, kuma ɗalibin waje yana da damar yin aikin awa 964 a shekara. Da kuɗin aljihu suka yi ƙasa sai wani abokina ɗan Senegal ya haɗa ni da wasu iyali masu otel a wani ƙauye kusa da Bourg-d'Oisans, kamar kilomita 50 daga Grenoble. Da farko hutu da ƙarshen mako nake zuwa, bayan na gama karatu suka riƙe ni gaba ɗaya har na dawo gida a 2017.

Ɗaki 18 ne. Kakar gidan, wadda kowa ke kira tsohuwa ko da ba a gabanta ba, ita da marigayi mijinta suka mayar da gidan gonarsu masauki. Ɗanta ne a kicin, matarsa tana tarbar baƙi da amsa waya, jikanta namiji yana gyare-gyare da tuƙin mota, jikarta mace tana kula da ɗakin cin abinci. Bare mu uku ne kawai. A irin wannan gida babu wai aikina kaza ne. An ɗauke ni wanke-wanke, amma kafin shekara na iya gyaran gado, na iya feraye buhun dankalin turawa kafin a sha shayi, na iya ɗaura sarƙa a tayar mota yatsuna suna neman tsinkewa don sanyi.

Bari in ba ka ranar Asabar ɗaya ta watan Fabrairu, don ita ce ranar da baƙin mako ke fita sababbi su shigo. Ƙarfe biyar da rabi na tashi, duhu ƙirin. In dusa ta zuba cikin dare sai ka tarar ta rufe ƙofa har gwiwa. Ka ɗauki shebur ka buɗe hanya daga ƙofa zuwa inda motoci suke, ka barbaɗa gishiri a matakala don kar wani ya zame ya karye. Dusa tana da kyau a hoto, fara sol kamar audugar da aka shiƙe, amma in ta jiƙe nauyinta kamar laka. Ƙarfe bakwai karin kumallo. Daga goma zuwa huɗu na yamma, gadaje sama da talatin za a yaye a sake musu zane, a wanke bayi goma sha takwas, hawa uku ba na'urar hawa. Bakwai da rabi abincin dare. Kafin in goge tukunyar ƙarshe sha ɗaya ta gota. Nakan kwanta ƙafafuna suna zogi, hannuna duk ya tsage saboda ruwan zafi da iskar waje.

Albashi kuwa, a 2013 mafi ƙanƙantar ladan da doka ta yarda da shi yuro 9.43 ne a awa, kafin a cire kuɗin lafiya da na fansho. In ka juya shi zuwa sefa, yuro ɗaya kusan 656, sai ka ji kanka ya yi girma. To ka tuna rigar sanyi da takalmin ƙanƙara kaɗai sai su cinye maka aikin mako guda, kuma da an rufe otel a watan Afrilu aljihunka zai fara ciyar da kai. Ba na hana ka fita. Ni ma da abin da na tara can na aza tubalin masaukina na nan Tawa. Amma ta ƙofa ake shiga, kuma ƙofar ba ta karɓar jikka ɗari takwas.

Tambaya: Malam, ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne, me ya sa mutum da hankalinsa zai biya kuɗi don ya je ya sha sanyi, ko ya hau dutse da keke yana haki? Kuma in ƙanƙarar ta narke, masu otel ɗin me suke ci?
Wata malamar makaranta, daga Yantala, Yamai.

Amsa: Malama, tambayarki ta farko ni ma na yi ta, kuma har na baro ƙasar ban samu amsar da ta gamsar da ni ɗari bisa ɗari ba. Mu wahala ce take biyo mu har gida, su kuwa da ke wuni kan kujera a ofis sai sun sayi tikiti sun je sun same ta. Amma ba zan yi musu dariya sosai ba, don na ga yadda muke cika filin kokowa cikin rana da ƙura, muna ihu har murya ta dishe.

Ta biyun ita ce tambayar, don a nan cinikin yake. Gidan yana da kaka biyu a shekara. Daga tsakiyar Disamba zuwa Afrilu masu wasan zamiya kan ƙanƙara ne, wato siki. Suna ɗaura wasu dogayen faranta a ƙafa, kujerun da ke rataye a waya su haura da su can ƙololuwa, su sulalo ƙasa, su sake hawa. A Alpe d'Huez, wadda ke saman kwarinmu, waya tana kai mutum har mita 3,330, kuma akwai hanyar gangara guda mai tsawon kilomita 16. Watan Fabrairu shi ne girbi, don lokacin ne ƴan makaranta ke hutu, kuma gwamnati ta raba ƙasar shiyya uku ta yadda hutun zai ja mako huɗu.

Daga ƙarshen Mayu zuwa Satumba kuma masu keke ne. Abin da ke jawo su hanya ce guda, wadda ta tashi daga Bourg-d'Oisans, mita 720 sama da teku, ta haura zuwa Alpe d'Huez, wajen mita 1,850. Tsawonta bai cika kilomita 14 ba, amma lanƙwasa 21 gare ta, kowace da lambarta a allo, ana ƙirgawa daga 21 a ƙasa zuwa 1 a sama, da sunayen waɗanda suka taɓa cin tsere a wurin. Tun 1952, da Fausto Coppi ɗan Italiya ya fara cinye ta a gasar Tour de France, ta zama wurin da duk mai keke ke son ya ce ya taka. Ga kuma mashigar Galibier mai mita 2,642, wadda dusa ke rufewa duk hunturu. A ƙarshen Yuni ko farkon Yuli akwai tseren da ake kira Marmotte, na waɗanda ba sana'arsu ba ce, kimanin kilomita 174 a wuni ɗaya. Makon nan ko ɗakin ajiyar tsintsiya ka sa wa katifa za a kama.

Gwanaye suna haye lanƙwasar nan 21 cikin ƙasa da minti 40. Ni na gwada sau ɗaya da tsohon keken jikan gidan, na yi awa biyu da minti goma, har da turi. A lanƙwasa ta 9 wani dattijo mai furfura, wanda ya girmi mahaifina, ya wuce ni yana murmushi yana ba ni ƙwarin gwiwa. Ban sake ba.

Abin da na so ki gani shi ne wani ɗaki a ƙarƙashin gidan. Da hunturu ɗakin takalma ne: an jera ƙarafa masu ɗumi a bango, kowane baƙo ya kifa takalminsa a kai, da safe ya same shi a bushe. Warin ɗakin kuwa sai wanda ya shiga. Da an shiga Mayu sai jikan gidan ya kwance ƙarafan ya kafa ƙugiyoyi, ya kawo famfon iska da akwatin sufana da tiyon wanki, ya sa kwaɗo mai ƙarfi a ƙofa, don keke ɗaya a ciki sai ya fi motar da nake hawa yau tsada. Kicin ma yana juyawa. Mai siki yana son abinci mai nauyi, cuku da dankali da miya mai zafi. Mai keke taliya yake so, tuli guda, da karin kumallo tun ƙarfe shida, kuma a wanke masa rigar tserensa cikin dare ta bushe kafin asuba. Manyan otel-otel na kamfani ba su cika damuwa da wankin riga ɗaya ba. Tsohuwa kuwa da kanta take shanya su, kowace da lambar ɗaki a maƙale. Saboda wannan wankin akwai ƴan Holan da Beljiyam da suka shekara goma sha suna dawowa.

Ranar da ba na mantawa ita ce 18 ga Yulin 2013. Gasar Tour de France karo na ɗari ce, aka sa ƴan tsere su hau dutsen sau biyu a rana ɗaya, Christophe Riblon ɗan Faransa ya ci. Mu kuwa muna cikin azumi, kuma rana ba ta faɗuwa can a Yuli sai tara ta wuce. Tun kwana uku kafin nan motocin kwana suka cika gefen hanya, ƴan Holan suka mamaye lanƙwasa ta 7 da tufafinsu ruwan lemu, kiɗa dare da rana. Tun hantsi nake yanka burodi ina cusa cuku, har na daina ƙirga. Da dare ina ɗauke da faranti huɗu, maƙogwarona kamar busasshen rafi, sai na ji an ja hannun rigata. Tsohuwa ce, tana nuna mini agogo. Ta karɓi farantan da kanta, tana da shekara kusan tamanin, ta tura ni bayan kicin. Can na tarar da kwanon miyar ganye da ta sa aka dafa daban ba naman alade, da burodi da dabino uku. Ban taɓa gaya mata lokacin shan ruwa ba. Ashe ta tambayi wani direba ɗan Maroko, ta rubuta a littafinta.

Farkon Mayu da watan Nuwamba kuwa ba kowa, ko kare ba ya haushi a ƙauyen. Nan ake fenti, a gyara rufi, a biya bashi. Kuma damuwarsu a yanzu ita ce dusar ba ta zuwa yadda ta saba, musamman a wuraren da ba su da tudu sosai, har sai an harba ta roba da injuna. A hunturun 2020 zuwa 2021 ma, saboda korona, kujerun waya ba su motsa ba gaba ɗaya. Da na kira su gaisuwa, matar ɗan ta ce mini ba don masu keke ba da sun sa kwaɗo.

Tambaya: Malam, mu huɗu ne uwa ɗaya uba ɗaya, muna kasuwancin albasa. Mun karanta labarinka, muka ce me zai hana mu gina irin wannan masauki a duwatsun Ayar, ko nan Adar wajen Keita, turawa masu keke su riƙa zuwa? Kuɗin gini akwai. Mece ce shawararka?
Alhaji, daga Sabon Gari, Tawa.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Dutse kam muna da shi. Ƙololuwar Bagzan ta kai mita 2,022, ta fi garin Alpe d'Huez tudu, kuma wanda ya taɓa ganin lambunan Timiya da lemu da rumman a tsakiyar duwatsu ya san ba mu da abin jin kunya. Tun 1991 UNESCO ta sa Ayar da Tenere cikin kayan tarihin duniya, tsohon garin Agadas ya bi a 2013. Sai dai baƙon da kuke hange ba ya hanya. Tawayen 2007 ya kore shi, tseren motocin Dakar ya ƙaura zuwa Kudancin Amurka a 2009, sace ma'aikata a Arlit a Satumban 2010 ya ƙarasa abin da ya rage. Ku tambayi masu jagorar baƙi na Agadas abin da suka koma yi. Kar ku gina wa wanda ba shi zuwa.

Ku gina wa wanda kuke gani. Abokan cinikinku da ke zuwa daga Gana da Kodebuwa lodin albasar Galmi, a ina suke kwana? Direbobin hanyar Agadas fa, da ma'aikatan ƙungiyoyi, da ƴan biki? Ranar da gasar kokowa ta neman takobi ta zagayo Tawa, wadda a nan aka fara ta a 1975, gari ba ya ɗaukar baƙi. Waɗannan su ne masu kekenku. Ku zauna ku gano mene ne wankin rigarsu. A wurina na gano abu uku ne: ruwa a bayi ko da famfo ya ɗauke, fanka mai aiki da hasken rana a watan Afrilu, da fili mai ƙofa inda mutum zai ajiye motarsa ya yi barci da ido biyu rufe.

Amma ba wannan ne ya sa na ajiye tambayarka kusa da ƙarshe ba. Kun ce ku huɗu ne, kuɗin gini akwai. Ba gini ke kashe masaukin iyali ba, akwatin kuɗi ne.

Tsohuwa tana da littattafai biyu masu baƙin bango. Ɗaya na baƙi: wane ba ya cin albasa, wance tana son matashin kai mai tauri, ɗan wane ya karye a hannu bara, a tambayi lafiyarsa. Ɗayan na kuɗi. Wata rana ina goge kofuna na ga ɗanta, mutum mai shekara hamsin da ƴaƴa manya, shi ne ma mai dafa abincin da ake sayarwa, ya buɗe akwati ya zari yuro ashirin zai sayo taba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta turo masa littafin da alƙalami. Ya rubuta kwanan wata da sunansa da ashirin, ƙarshen wata aka cire a albashinsa. E, albashi. Kowa a gidan yana da nasa, har ita, kuma abin da ya rage na otel ne, ba na kowa ba, da shi ake cin Nuwamba. A ranar na ce a raina wannan wace irin rowa ce, uwa da ɗanta? Sai da na buɗe nawa na gane.

Ɗaki tara na yi. Shekarar farko ɗakuna cike, aljihu wayam. Ƙanena da na ɗora a kan karɓar baƙi yaron kirki ne, ba ya sata. Amma abokinsa ya zo daga Konni, a ba shi ɗaki. Surukin yayarmu ya kawo mara lafiya asibiti, mako biyu, wa zai ce ya biya? Cefanen gida ya yanke, a ɗauko a akwati. Kowa da gaskiyarsa, kuma ni kaina ina cikin masu ɗauka. Da injin ruwa ya lalace aka rasa jikka sittin na gyara, ranar muka yi faɗan da sai da mahaifiyarmu ta sa baki.

Tsarin tsohuwa ba ya shiga nan yadda yake. Can ɗan'uwa ba ya sauka sai ya yi waya, mu kuwa in ka ce wa kawunka ya biya kuɗin ɗaki, har jikokinka sai sun ji labari. Abin da na yi shi ne na ware ɗaki ɗaya, na tara, na kira shi ɗakin zumunci. Duk ɗan'uwan da ya zo nan zai sauka, ba ko sisi, da abincinsa daga cikin gida. In akwai mutum a ciki, na biyu ya zo mu kwana a zaure tare. Sauran takwas kuwa ko ni na sauke baƙo sai na biya daga aljihuna, a rubuta. An yi gunaguni wata shida, wata gwaggona ta yi fushi ta daina gaishe ni har salla, daga baya aka saba.

Don haka kafin ku haƙa tushe, ku huɗun ku zauna gaban wani dattijo da kuke jin nauyinsa, a rubuta: nawa kowa ya zuba, wa zai riƙe littafi, nawa ne albashin wanda zai zauna a wurin, yaushe ake raba riba, kuma in ɗaya ya rasu ko ya so fita, yaya za a yi da kasonsa. Wannan ta ƙarshen ita ce mutane ba sa son ji. Ko a gidan tsohuwa ita ce ta kusa raba su, lokacin da ɗiyarta da ke aure a Liyon ta nemi a sayar a ba ta nata. Shekara biyu ba sa zama teburi ɗaya, sai da ɗan'uwanta ya ci bashin banki ya saye kasonta.

Tambaya: Baba, akwai baƙar fata a cikin masu tseren nan? Kuma ana yin siki a Afirka?
Jikanka ɗan aji shida, daga Wadata, Tawa.

Amsa: Akwai, jikana. A 2015 Daniel Teklehaimanot ɗan Eritiriya ya sa rigar gwanin hawan dutse, fara mai ɗigon ja, na ƴan kwanaki a Tour de France. Ina kicin aka nuna shi a talabijin, na yi ihun da mai dafa abinci ya saki ludayi. A 2024 ɗan ƙasarsu Biniam Girmay ya ci zango uku, ya tafi gida da koriyar rigar wanda ya fi tara maki. Kusa da mu kuma Burkina Faso tana shirya Tour du Faso tun 1987. Siki ana yi a Oukaimeden, cikin tsaunukan Maroko kusa da Marrakesh, ana yi a Lesotho can kudu, inda hunturunsu ke faɗowa a watannin Yuni zuwa Agusta.

In kana da keke, ka fara da tudun da ke hanyar makarantarku. Ka duba burki kafin ka gangaro, don a nan na ga an fi zubar da haƙora.